Shekarar da Kwamitocinmu Biyu Suka Shirya

Ni dai tun da nake ban taɓa jin tsoron sulhu ba sai a kan maganar filin gangare.

Filin yana ƙasan unguwarmu a Wudil, kafin mutum ya kai bakin kogi. Da rani yara su buga ƙwallo, mata su yi shanya, ranar kasuwa mutanen Lajawa su ɗaure dabbobinsu su huta kafin su ƙarasa. Da damina kuwa duk ruwan unguwa nan yake gangarowa, ya baje, ya kwanta, ƙasa ta sha na sha, sauran ya sulale kogi. Gidan mahaifiyata, Inna, shi ne na ƙarshe a lungun da ke gefen filin. Ginin ƙasa ne, marigayi Baba ya yi shi, a tsakar gidan akwai lemon tsami da ita ta dasa da hannunta tana amarya. Duk shekarun da ta yi a ciki ruwa bai taɓa ƙetare mata dokin ƙofa ba, don filin ne yake shanye shi.

Sai hukuma ta kafa kwamitocin ba da shawara. Ɗaya na gyaran gari da wurin shaƙatawa, shugabansa wani Alhaji mai gidan mai. Ɗayan na magudanan ruwa, shugabansa wani Injiniya da ya yi ritaya. Ni aka saka a na farko a matsayin wakiliyar mata, wai don ina koyarwa a firamare. Na san dalilin gaskiya: bakina ba ya shiru, gara a ce ina ciki da a ce ina waje. Ƙa'idar ita ce ba za a taɓa filin ba sai kwamitocin biyu sun zama baki ɗaya.

To, Alhaji da Injiniya ba sa ga maciji. Tsohuwar gaba ce ta siyasa, tun ina budurwa ake yinta. Duk zaman haɗin gwiwa da muka yi, da hayaniya ake tashi. Alhaji zai shimfiɗa zanen wurin, ga katanga kewaye, ga lilo, ga kujerun siminti, ga inda za a cike da jar ƙasa a daidaita. Injiniya zai bari ya gama tsaf, sannan ya ɗora yatsa a kan zanen ya ce, "Ruwan fa, ina za shi?" Shi ke nan, sai Alhaji ya hau, ya ce baƙin ciki ne, Injiniya ya ce jahilci ne, mu kwashi jakunkunanmu mu watse.

Ina son wurin, wallahi ina so. Ɗalibaina ba su da inda za su yi wasa sai bakin titi, ga manyan motoci ba dare ba rana. Mata ba mu da inda za mu zauna mu sha iska ba tare da an ce ina za ki ba. Amma na girma a lungun nan, na san tambayar Injiniya ba ta baƙin ciki ba ce. Kullum abin da nake cewa ɗaya ne, a fara haƙa lambatu zuwa kogi, sannan a yi katanga. Ba mai saurarona, don kowa faɗan yake kallo. Haka muka yi ta yi, filin yana nan yadda yake, Inna tana barcinta lafiya.

Ana nan sai ɗan Alhaji da 'yar Injiniya suka haɗu a jami'a, suka ce su fa sun ga juna. Yara masu hankali, babu abin kushewa. Dattawa suka ce ba a kai gaisuwar aure gidan da iyaye ba sa gaisawa. Liman ya tara su a zaurensa, aka yi nasiha, suka ba juna hannu, aka shafa Fatiha a kan cewa an binne maganar baya, kada wanda ya ƙara tono ta. Gari ya ɗauka. Na je bikin, na yi anko, na ci alkaki har na ƙullo wa Inna nata. Ita ma ta yi ta sa albarka.

Zaman farko bayan bikin shi ne ranar da na fara jin tsoron sulhun. Gaisuwa kaɗai ta cinye mana rabin lokacin. Alhaji ya ce Injiniya ya hau kujerar tsakiya, Injiniya ya ce haba, wane shi, suka yi ta tura wa juna har aka bar ta babu kowa. Aka shimfiɗa zanen. Shi ne dai na da, ko ɗigo ba a canza ba, sai dai an ce lambatu zai zo a zango na biyu idan hali ya yi. Alhaji ya gama bayani. Duk muka juya wajen Injiniya, don mun saba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya ce madalla.

Na jira. Ba wanda ya motsa. Sai na ce, "Ranku ya daɗe, ruwan fa, ina za shi?"

Aka juyo ana kallona kamar na yi ashar a masallaci. Wani dattijo ya sassauta murya ya ce, "Malama, an fa shafa Fatiha a kan wannan maganar." Na ce Fatihar da aka shafa ta gabar mutum biyu ce, ruwa bai halarci zaman ba, ba kuma wanda ya ji ya ce amin. Wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi, wasu suka ɓata rai. Aka ce an ji, za a duba. Kafin la'asar kwamitoci biyu sun amince, har da tafi.

Ban haƙura ba. Na bi Injiniya har gida, na shiga wajen matarsa, ta kira mini shi. Bai yi mini musu ko kaɗan ba. Ya ce duk abin da nake gani yana gani, ya ma fi ni gani. Sannan ya ce, "Malama, 'yata tana gidansa. Da wane bakin zan ce masa a'a a gaban mutane?" Ya yi alkawarin zai same shi a keɓe idan ya ga fuska. Na tashi na tafi gidan mai wajen Alhaji. Shi kuma ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, ya ce in kwantar da hankalina. Ai surukinsa injiniya ne, da akwai matsala da shi zai fara faɗa. Na fito na kama hanyar gida. Wannan yana jin kunyar magana, wancan yana ɗaukar shirun a matsayin amincewa, gidan uwata yana tsakani.

Da rani aka fara aiki. Tifofi suka yi ta kawo jar ƙasa suna juyewa. Duk ranar da na biya wajen Inna bayan an tashi makaranta, sai in tsaya a ƙofar zaure in duba. Filin da muke leƙawa daga sama ya zo daidai da lungu, sannan ya wuce shi, har ya kai mini gwiwa. Katanga ta tashi, doguwa, babu ko ƙofar da ɓera zai bi ta ƙasanta. Aka dasa darbejiya a jere, aka shafa wa gindin kowace farin fenti. Abin haushin, wurin ya yi kyau. Ranar buɗewa na ga ɗalibaina a kan lilo suna ihun murna, na rasa murna zan yi ko kuka.

Na roƙi Inna ta koma gidana kafin ruwa ya sauka. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in ba don ita ta haife ni ba da ta ce ba ni da tarbiyya. Ita ce za ta tare a gidan suruki, ta ci tuwonsa, ta haɗu da shi a hanyar banɗaki? Ƙanena yana can Kudu a ɗakin haya, ba inda zai kai ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo mata ƙawayenta. Ta ce a ɗakin nan ta haife mu, a nan aka yi wa Baba wanka, a nan za a yi mata.

Ruwan farko bai yi yawa ba, amma ya tsaya a lungun har washegari, abin da ban taɓa gani ba. Na biyu ya taɓa dokin ƙofa. Kwaɗin da muka saba jin kukansu daga fili suka dawo zauren Inna. Danshi ya kama gindin bango, ya yi layi baƙi, duk zuwan da zan yi sai in tarar ya ƙara hawa. Ɗakinta ya fara wani wari na jiƙaƙƙiyar ƙasa wanda turaren wuta ba ya kashewa. Wata rana na ga tururuwa sun yi jerin gwano suna hawa bango da ƙwayayensu a baki, na tsaya ina kallonsu har Inna ta ce lafiyata kuwa. Na sa aka jera buhunan yashi a ƙofa. Ina jerawa ina sane cewa kaina nake yaudara.

Zamanmu na kwamiti kuwa ya zama abin sha'awa. Gajere, da shayi da nama, kowa yana yabon haɗin kai. Duk zama sai na tayar da maganar lambatu, duk zama sai a ce an ji. Aka fara kirana mai tone-tone a bayan idona, har ta kai ana faɗa ina ji. Daga baya cikin girmamawa aka ce an ba ni kula da furanni, tunda aikin mata ne kuma ina da ido. Furanni! Na ce Allah ya isa tsakanina da furannin, a gaban kowa na faɗa, ban kuma janye ba.

Babban ruwan ya zo a tsakiyar damina, bayan azahar, ina aji. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, sannan ya ɓarke. Ban jira ya tsagaita ba. Na cire takalmi na riƙe a hannu na kama gudu, ni da rabona da gudu tun ƙuruciya. Da na iso bakin lungun na ga abin da Injiniya ya yi shekaru yana nunawa da yatsa. Ruwan unguwa gaba ɗaya yana gangarowa, ya daki katangar, ya juyo, ya miƙe cikin lungun kamar an nuna masa hanya. Ya kai mini cinya. Maƙwabta sun riga sun fito da Inna, na same ta a kan dakalin wani gida na sama, jiƙe sharkaf, carbinta a hannu. Muna nan tsaye katangar bayan gidanta ta zube, madafi ya bi ta. Ɗakinta bai faɗi ba, amma ya tsage tun daga sama har ƙasa.

Dole ta biyo ni. Mijina mutumin kirki ne, har ya koma cin abinci a zaure don ta sake, amma ina. In yana gida ba ta fitowa, ba ta ci, ko tari sai ta danne. Ina kallonta tana ramewa a ɗakin da na share mata. Kullum tambayarta ɗaya, yaushe magina za su fara.

Shugabannin biyu suka zo jaje a mota ɗaya. A ƙofar ɗakin ma sai da suka tsaya, wannan ya ce wancan ya fara magana, wancan ya ce a'a. Inna ta yi musu godiya daga bayan labule, ta sa musu albarka, ta tambayi amarya. Injiniya bai yarda mun haɗa ido ba.

A zama na gaba kwamitocin biyu suka fitar da shawara. Gidajen ƙarshen lungu suna kan hanyar ruwa, zama a cikinsu haɗari ne. A ba masu su filaye a wajen gari, hanyar Ɗankaza, a rushe su, lambatu ya bi ta nan zuwa kogi, abin da ya rage a haɗa da wurin shaƙatawa. Injiniya da kansa ya zana hanyar lambatun, ya kuma yi kyau, Alhaji ya yaba masa. Kowa ya ɗaga hannu sai ni. Na faɗi abin da na faɗa, ba zan maimaita shi a nan ba.

Ban ɓoye wa Inna ba. Ta saurare ni, ta ce zancen kwamiti ne, ita ba wanda ya zo ya gaya mata, kuma mutanen da suka zo har ɗaki suka yi mata jaje ba za su yi haka ba. Bayan 'yan kwanaki ta ce in raka ta ta tsinko lemonta, kada ya zube a banza.

Muka je da hantsi. Lungun duk laka, ina riƙe da hannunta. Ba mu bi ta zaure ba, ta inda katangar ta zube muka shiga, don ya fi sauƙi. Ta yi gaba, sai na ga ta tsaya. Lemon yana nan, ya yi 'ya'ya jingim. An shafa wa gindinsa farin fenti, sabo fil, daidai tsayin na darbejiyoyin da ke cikin wurin shaƙatawa.

Ta matsa kusa. Ta miƙa yatsa ta taɓa, ta duba yatsan.

"Ashe shi suna so," in ji ta.

Ba ta tsinki ko ɗaya ba. Ta gyara mayafinta ta ce mu tafi kafin mijina ya dawo, ta samu ta shige ɗaki.