Casimiro a Ajin 'Yan Koyo

Yayana Casimiro Guantay tun bai kai tsayin kurangar inabi ba yake aiki a gonakin Cafayate. Da sanyi yana datse rassa, da zafi yana ban ruwa, lokacin tsinka kuma kwando ne a kafaɗa daga safe har yamma. Ba mai magana ba ne. Kullum ganyen koka, wanda mutanenmu ke taunawa kamar goro, na kumatunsa, in ka tambaye shi abu sai ya juya ganyen daga wannan kunci zuwa wancan, wani lokacin ma juyawar ce amsar. Giya kuwa yana shanta yadda kowa ke sha a unguwarmu, a sirka da soda a kora gasasshen nama. Sai dai kafin ya kai baki yakan ɗiga wa ƙasa kaɗan, rabon Pachamama, wato Uwa Ƙasa da kakanninmu ke girmamawa, kamar yadda mahaifinmu ya yi.

Matarsa ta rasu 'yarsu Yanina tana rarrafe, shi ya rene ta. Har kitso ya koya saboda ita, mummunan kitso dai, amma da shi ta gama firamare. Ta je birnin Salta ta yi karatu, ta dawo da takalmi mai tsini da wata irin magana ta mutanen Buenos Aires, garin da ko a mota ba ta taɓa ratsawa ba. Kamfanin giyar da muke wa aiki ya ɗauke ta ta riƙa koya wa baƙi 'yan koyo ɗanɗanon giya duk Asabar.

Na san ɗakin ɗanɗanon nan fiye da kowa, don ni ke wanke kofuna, ni kuma ke zubar da bokitin tofi. Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Manyan mutane da turarensu, su cusa hanci cikin kofi, su kurɓa, su kurkure baki da ƙara kamar masu ciwon haƙori, sannan su tsartar a bokiti ɗaya. Zuwa azahar bokitin ya yi kumfa, ga jan-baki a gefe, ga ɓarɓashin cuku yana yawo a sama. Inabin da muka tsinka da ciwon baya ke nan. Har yau in na ɗauki bokitin sai na kau da kai.

Abin da ke cin Casimiro daban ne. Tun da Yanina ta fara aikin, in ta ratso gona da baƙi sai ta gyaɗa masa kai kawai, yadda take wa kowane lebura. Wata rana muna shan shayinmu na mate ya ce min shi ba ya son komai a wurinta illa sau ɗaya ta nuna shi a gaban mutanen nan ta ce ga mahaifinta. Na ce ya tambaye ta mana. Ya ce ai abin da aka roƙa ba shi da daɗi. Sai ya ɓullo ta wata hanya, ya ce mata yana so ya shiga ajin nata ya koya.

Ta ce to, ai zai amfane shi. Wai zai san bambancin wannan da waccan, hancinsa zai buɗe, zai daina ɓata giya da soda, kuma ba zai ji kunyar zama cikin mutane ba. Mutumin da ya tsufa cikin inabi ake wa wannan lissafin. Shi kuwa ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya.

Ranar Asabar ya yi aski, ya tofar da kokarsa tun a gida, ya sa farar rigar da ya je bikin kammala karatunta da ita. Ya zauna a ƙarshen tebur cikin baƙi, hularsa a gwiwa. Yanina ta fara bayani, idonta na ko'ina ban da inda yake. Ta ce su shinshina su faɗi abin da suka ji. Wata mata ta ce furen lemo, wani mai gemu ya ce jiƙaƙƙen dutse, aka yaba masa. Ina bayan ƙofa da tsumma a hannu ina tambayar kaina yaushe ya taɓa lasar dutse.

Da aka ce a kurɓa, Casimiro ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya karkata kofin ya ɗiga a ƙasa, a kan farin daɓen da nake gogewa har ya yi sheƙi. Mai gemun ya janye ƙafarsa, matar ta tambayi Yanina ko dattijon nan lafiya yake, kuma wane ne.

Ga dama ta zo har gida. Na ga yayana ya gyara zama, ya ɗago kai yana kallonta.

Yanina ta yi murmushin aiki ta ce, "Wannan Don Casimiro ne, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatanmu. Al'adar mutanen nan ce, suna ba ƙasa rabonta kafin su sha."

Mutanen nan, in ji ta. Don ɗin nan kuwa laƙabi ne da ake wa kowane dattijo, kamar ka ce Malam. Baƙi suka hau tafi, wayoyi suka fito. Suka ce ya sake don wasu ba su ɗauka ba, ya sake. Matar ta dafa kafaɗarsa aka yi musu hoto, mai gemun ma ya tuttular da rabin kofinsa a ƙasa yana dariya. Daga nan kowa ya zuba, daɓe ya koma kwata. Casimiro bai tofar da ko kurɓi ɗaya ba har aka tashi.

Na tare ta a wurin wanke-wanke na ce, "Ke Yanina, ko kunya ba ki ji ba? Mutumin da ya yi miki kitso?"

Ta ce, "Gwaggo, ba za ki gane ba ne. Wurin aiki daban, gida daban. Baba ya san ina son sa."

Na ce ta riƙe min bokitin tukuna in ga yadda wurin aiki yake, ta toshe hanci ta fita.

Abin takaicin bai tsaya nan ba. Manaja ya ga hotunan ya ce abin ya ƙayatar, baƙi na son irin wannan. Aka cire Casimiro daga gona duk Asabar, aka saya masa jan poncho, bargon yafawa na gargajiya, sabo fil, aka ba shi wuri a bakin ƙofa. Yanzu in aji ya kai tsakiya Yanina takan ce, "Don Casimiro, bismilla," ya tako ya ɗiga, a tafa, ni kuma in bi da tsumma. Na ce ya ƙi mana. Ya ce in ya ƙi, yarinyar ce za ta ji kunya a gaban manaja.

Lahadin da ta wuce ta zo gidansa da empanada masu zafi a kwano, naɗin fulawa mai haɗi a ciki, ina nan zaune. Ta shigo da fara'arta, ta ce, "Baba, ga naka, da nama na sa a yi maka yadda kake so."

Casimiro ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya karɓa da hannu biyu.

Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. Ta tsaya tana jira ya yi dariyar shi ma, shi kuwa yana tsaye da kwano a hannu, yana jira ta ba shi izinin zama.