Dandamalin da Vernon Ya Gina

Vernon Kessler kafinta ne, ɗan kafinta. A ƙaramin garinsu na jihar Ohio da wuya ka bi layi ba ka ga barandar da ya buga ko rufin da ya gyara ba. Ba shi da yawan magana. Ko a coci sai dai ya gyaɗa maka kai ya wuce. Matarsa Lorraine ta tattara kayanta ta koma birnin Toledo tun ɗansu Dustin yana firamare, aka bar su su biyu, uba da ɗa, suna cin abincin gwangwani a gaban talabijin.

A nan kokawa ta shiga ran Dustin, irin ta talabijin, wadda ƙarti ke rafka wa juna kujeru suna dirowa daga kan igiya. Da ya kai shekara goma sha shida, shi da abokansa, ciki har da wani Corey, suka fara tasu a wani kangon gida bayan layin dogo. Wata rana ya dawo da tsaga a goshi, jini ya bushe masa a gira.

"Me ya same ka?" in ji Vernon.

"Kujera ce, Baba. Corey ne bai iya saiti ba."

"A kan siminti kuke wannan haukan?"

"To a ina za mu yi?"

Vernon bai yi faɗa ba. Ya san in ya hana, ɓoye masa kawai za a yi. Sai ya ce a ransa gara a yi a gabansa. Ya kwaso ragowar katako daga wurin aiki, ya jera tsofaffin tayoyi a bayan gida, ya shimfiɗa falanki a kai, ya bi da katifu da tamfol, ya ɗaure igiyoyi a ginshiƙai huɗu. Aiki ne mai kyau. Ya hau da kansa ya yi tsalle, ko motsi dandamalin bai yi ba.

Duk Asabar yara suka riƙa cika gidan. Dustin ya raɗa wa kansa Mahaukacin Kare, yana shafa baƙin fenti a ido. Babban abokin karawarsa shi ne Corey Pruitt, ɗan maƙwabta, siriri mai bakin tsiya.

"Kai Kare, yau sai na mayar da kai kyanwa!" Corey zai ce.

"Da waɗannan ƙafafun naka kamar tsinken tsire? Je ka ci abinci tukuna!"

Vernon yana gefe yana gasa musu nama, gwangwanin giya a hannu. Wani lokaci har ya yi dariya. Dokoki uku ya kafa: ba wasa da kwalba, ba wasa da wuta, ba hawa rufin gareji.

Ranar da abin ya faru yana gida. Ya shiga kicin ne ɗauko burodi. Yaran sun gayyato 'yan wani gari, akwai mai ɗaukar bidiyo, kowa yana son a yi abin da za a daɗe ana labari. Suka kwantar da Corey a kan tebur, Dustin ya hau rufin garejin don ya diro masa. Ƙafarsa ta zame a bakin kwano. Bai sauka a teburin ba, bai sauka a katifa ba. Wuyansa ne ya daki gefen dandamalin, inda katakon ya fi kauri.

Vernon bai ji ƙarar faɗuwar ba. Shirun da ya biyo baya ya ji. Ya fito da ledar burodi a hannu, ya tarar da yara tsaye cirko-cirko, Dustin kwance a ciyawa, idonsa a buɗe.

"Baba, ban mutu ba ko?"

"Ba ka mutu ba. Kar ka motsa."

"Ai ba na ma iyawa."

A asibiti likita ta zaunar da shi ta ce ƙashin wuya ya karye, laka ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba zai sake ji ba, hannuwa kuma sai abin da hali ya yi. Vernon ya ce, "To." Ta tambaye shi ko yana da tambaya. Ya ce ina ake ajiye mota in mutum zai daɗe.

Lorraine ta zo, ta yi kuka, ta faɗa masa maganganun da ya san za ta faɗa. Ya tsaya ya saurara har ta gama. Ta yi sati biyu ta koma Toledo, don ta haifi wasu yaran a can. Mutanen coci suka yi ta kawo abinci a kwanoni, wasu suna kallon bayan gidan ta taga suna kawar da kai. Wata safiya, kafin a sallamo Dustin, Vernon ya kwance dandamalin. Bai ƙona shi ba, bai farfasa ba. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ware falankin da ke da sauran amfani, da shi ya yi gangaren da keken guragu zai riƙa hawa a ƙofar gida.

Daga nan rayuwa ta koma abu ɗaya. Ya tashi ya juya yaron, ya yi masa wanka, ya duba bayansa ko ya fara gyambo, ya ba shi abinci a baki. Ya daina karɓar aikin rufi, sai ƙananan gyare-gyare kusa da gida. Abokan suka riƙa zuwa da farko, suna tsayawa a bakin ƙofa ba su san inda za su ajiye ido ba, sannan suka ɗauke ƙafa. Corey ne ya fi daɗewa. Wata rana ya tare Vernon a gindin mota.

"Mista Kessler, ni na ce masa ya hau. Na ce masa matsoraci ne."

Vernon ya dube shi, ya nemi fushi a cikinsa bai samu ba. Bai samu wani abin ba ma.

"Shiga ka gaishe shi," ya ce. "Yana falo."

Bayan shekara guda Corey ya shiga soja, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Dustin ya yi lokacin zage-zage, ya yi lokacin da ba ya magana da kowa, daga baya ya saba. Ya koyi latsa kwamfuta da ƙaramar sanda a baki. Har yanzu yana kallon kokawa, kuma Vernon ne ke kunna masa. Uban yakan zauna kusa da shi, idonsa a kan allon, amma da za ka tambaye shi wa ya kayar da wa, ba zai iya faɗa ba.

"Baba, ka ga wannan? Ƙarya ce, ko taɓa shi bai yi ba."

"Na gani."

"Ba ka gani ba. Barci kake da ido buɗe, tsoho."

Yanzu Dustin ya haura arba'in, ya yi jiki, furfura ta fara fito masa a gemu. Vernon kuwa bayansa ya sunkuya, in ya ɗaga shi daga gado sai ya dafa bango ya huta. Kwanan baya wata ma'aikaciyar jinya da ke leƙo su ta ja shi gefe, ta ce ya kamata ya fara tunanin inda Dustin zai koma ranar da ƙarfinsa shi uban ya ƙare. Ta ce akwai gidajen kula da irinsu, wasu ma ba laifi.

Vernon ya ce zai yi tunani. Ya raka ta har mota, ya tsaya ta ja ta tafi. Ciyawar gaban gida ta yi tsawo, sai ya je ya jawo injin yankan ciyawa, ya duba mai, ya tayar da shi.