Fari na rashin ruwa

Da safen nan ina cikin keke zan wuce kasuwar Sabo, Mama Rifkatu ta kira ni ta ce mijinta, Baba Iliya, ya tafi gida wurin Ubangiji.



Waɗanda ba su san shi ba, shi ne tsohon malaminmu na firamare, mai gidan nan na Mahuta da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Ba ka zuwa gaishe shi ka fito hannu rabbana. Lokacin da mahaifina ke kwance a asibiti, kullum sai ya zo a tsohon mashin ɗinsa, ya karanta masa Zabura, ya tsokane shi har sai ya yi dariya.

Amma duk wanda ya zauna da Baba ya san abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya: sunan Fasto Ɗanfari.

Fasto Ɗanfari shi ne fasto na farko a ƙauyen su Baba, masani ne da ya juya waƙoƙin sujada da wasu littattafan Sabon Alkawari zuwa yarensu. Ya rasu tun Baba yana saurayi. Mu duka jan “fa” ɗin muke yi, mu ce ɗan faari, wato haihuwar farko. Baba kuwa ko a tsakiyar wa'azi aka faɗa haka, sai ka ji gyaran muryarsa daga bencin dattawa. Mun sha yi masa dariya, har muka sa masa suna Baba Fa.

Shi cewa yake fari ne na rashin ruwa, a gajarce ake faɗa. A rubuce duk ɗaya ne, a baki kawai ake rabewa. Shi kuma daga bakin mai sunan ya ji.

Wata mai zuwa za a buɗe ɗakin karatu a cocinmu da sunan faston, ni aka ba gabatarwa. Shi ya sa na je wurin Baba makon jiya. Na same shi a gindin gwaibar, ya rame, amma bakin nan na nan daram. Ya sa na yi ta maimaita sunan kamar 'yar aji ɗaya, har na gaji na ce, “Baba, wai mene ne a ciki? Ai duk mutum ɗaya ake nufi.”

 Sai ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Faston yana da yayye, duk yunwar shekarar fari ta kwashe su, shi aka haifa a ƙarshenta. Uwarsa ta sa masa sunan ne don kada a manta da su.

“'Yata, in kika ce ɗan faari, kin ce babu wanda ya riga shi. Kin sake binne yaran matar nan.”

Da zan tafi ya cika mini leda da gwaiba, ya ce ranar buɗewar a sahun gaba zai zauna, in na ja “fa” ɗin nan zai taso ya ƙwace makirfo.

Gwaibar ma ban gama cinye ta ba.

Zuciyata ta karye, jama'a. Ranar zan tsaya in faɗi sunan, babu mai gyaran murya in na kuskure. Don haka ku da za ku zo, ku koya tun yanzu, ku koya wa yaranku: Ɗanfari, fari na rashin ruwa.

Ubangiji ya karɓi bawansa Iliya, ya share hawayen Mama Rifkatu da yaran, cikin sunan Yesu. In kun karanta, ku sa su a addu'a. Ni ma ku sa ni, kada muryata ta yi rawa ranar har in ja abin da ya hana.