Koren Ciyawa a Tsakiyar Rani

A gidanmu na Zoza komai da lokacinsa. Bayan magariba a ci tuwo, a wanke kwanuka, sannan kakarmu Iya Dije ta gyara itacen murhu, ta zube mana gyaɗa a faifai. Wanda bai ɓare gyaɗa ba, babu shi babu tatsuniya. Ni ba ta kirana da sunana, sai "maigidana mai kunnen ƙashi". Ba ta ɗaga murya, ba ta maimaita magana, kuma ban taɓa ganin ta zubar da ruwan wanke-wanke ba tare da ta kai shi gindin wata shuka ba.

Akwai tatsuniyar da ta fi zama mini. Ta ce an yi wani gari mai randa guda ɗaya, girmanta ya kai rumbu. Da safe 'yan mata su cika ta daga rafi, kowa ya ɗiba har yamma. Wata shekara ruwan ya daina kaiwa la'asar. Da farko mai gari ya ƙara masu ɗebowa. Bai isa ba. Sai aka ce sata ake yi, aka sa mai gadi. Daga nan aka ɗora wa aljanu. Rafin kansa ya fara ja baya saboda yawan ɗiba.

Wata tsohuwa mai kiwon awaki ce ta lura dabbobinta kullum bayan randar suke nufa. Ta bi su, ta tarar da koren ciyawa shar, ga shi rani ya tsaya. Ta sa hannu ƙarƙashin randar, ta ji tsaga siririya kamar zare.

Na ce, "Shi ke nan sai aka liƙe?"

Iya ta ce, "Ji maigidan nan da gaggawa. Ina fa. Dokin mai gari a nan yake kiwo, ya yi ƙiba. Kana ganin ba su san da ciyawar ba? Ɓare gyaɗarka."

Sai da tsohuwar ta shimfiɗa tabarma a kan ciyawar, ta kwana uku ba ta tashi ba, kunya ta kama mai gari, aka liƙe randar.

Yanzu ni ke kula da tankin ruwan unguwarmu a Ƙaraye. Bara da rani gidajen ƙarshen layi suka daina samun ruwa, mata suka koma saye a wurin 'yan garuwa. Kwamitin unguwa ya ce a ƙara wa inji awoyi. Aka ƙara, mai ya ƙone, tanki ya ci gaba da ƙafewa. Sai aka fara maganar haƙa sabuwar rijiyar burtsatse. Na roƙi a ba ni kwana biyu.

Na fara daga gindin tanki, na bi bututun da ƙafa, gaɓa bayan gaɓa. A bayan gidan Baffa Sale, ƙanin mahaifina, na tsaya. Alayyafo ne da ayaba sun yi kyau, gefe kuma ruwa ya kwanta, sauro ya cika shi, katangar maƙwabci ta jiƙe har gwiwa.

Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na ce, "Baffa, zan tona nan."

Ya ce, "Idon ruwa ne Allah ya fito mini da shi. Kai da na yi wa suna za ka tone mini lambu?"

Na ce, "In idon ruwa ne, zan mayar da ƙasar da hannuna, in ba ka haƙuri a gaban jama'a."

Na tona. Ashe bututu ne ya tsage. Muka canza shi kafin azahar. Washegari famfon gidan ƙarshe ya kawo ruwa, aka bar maganar sabuwar rijiya.

Ina yaro na ɗauka Iya tana koya mana mu duba ƙarƙashin randa ne. Sai a ranar na gane gano tsaga shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne fuskantar wanda tsagar take ciyarwa, musamman in naka ne. Iya, tsohuwar da ba ta taɓa ganin famfo a gidanta ba, ta riga ta san wannan.

Ayabar Baffa ta bushe. Har yau in na gaishe shi, da ka yake amsawa. Ina zuwa kowace Juma'a in gaishe shi.