Ranar da na kai tsegumi daga karofi

A kakar shekarar 1955, ranar wata Laraba da hantsi, mahaifina ya kira ni bayan rumbu, ya rage murya kamar wanda zai yi gulmar sarki. Ina da shekara tara, ga ƙwaryar fura a kaina za ni karofi, inda ramukan rininmu guda huɗu suke a gefen garinmu, Ƙofa. Ya ce in na ajiye furar kada in yi saurin dawowa, in zauna ina wasan 'yar carafke, amma idona ya kasance kan baƙon nan.

Baƙon shi ne Malam Tanko, gwanin marini da mahaifina ya ɗauko daga wajen Kano. Kafin zuwansa mutum uku mahaifina ya koya wa rini, kuma kowanne da hannunsa ya faɗa sai ya tattara ya je ya haƙa nasa ramin, ya ja masu kawo saƙi suka bi shi. Tun daga nan ya daina yarda da kowa. In zai haɗa ruwan rini da baba da toka da katsi, sai ya aiki kowa ɗebo ruwa. Ko Audu, ɗan ƙanwarsa, magidanci da ya shekara bakwai yana juya muciya a ramin, bai taɓa ganin yadda ake haɗin ba. Inna takan ce, "Mutumin nan ko inuwarsa ce ta leƙa rami sai ya tambaye ta wa ya aiko ta." Ya ɗauki Tanko ne don gwani ba ya buƙatar a koya masa komai, amma kuma sai gwanintar tasa ta hana shi sukuni. Yana ganin matan da ke kawo rini sun fara cewa a ba Tanko zanensu, yana ƙirga sau nawa suke gaishe shi.

Ni kuwa aka samu 'yar rahoto. Na baje duwatsuna gindin bishiyar marke, ina jefawa ina satar kallo. Can sai na ga Tanko ya waiga hagu da dama, ya kama hannun Audu ya tsoma yatsarsa a ramin, ya sa ya ɗanɗana a harshe. Suka koma rami na biyu, suka sake. Haka marina ke gane ruwan da ya nuna da wanda ke neman toka, kuma abin da mahaifina ya fi ɓoyewa ke nan. Na kwasa a guje na kai wa mahaifina labari, har na bar ƙwaryar, ina jin kaina wata babba.

Mahaifina bai jira la'asar ba. A gaban masu bugun zane ya ce da Tanko ya ɗauke shi ne ya yi rini, ba ya raba masa gida ba. Tanko ya wanke hannunsa a natse, ya ce, "Maigida, idonka ya fara hazo, kowa ya sani. In ba ka ba Audu ba, wa za ka ba?" Da safe ya ɗaure kayansa ya nufi Tudun Wada. Bayan sati biyu Audu ya bi shi, ya zo sallama Inna tana kuka.

Damina biyu aka yi idon mahaifina ya rufe. Ruwan ramukan ya mutu ɗaya bayan ɗaya, babu mai tayar da shi. Da akuyar maƙwabta ta faɗa ciki, aka cike su da ƙasa. Ya rasu da haɗin nasa a kansa, bai ce mini komai kan ranar ba, ni ma ban tayar ba.

Yau jikana yana da shagon ɗinki a Bebeji, kullum ƙorafinsa yaran da ya koya wa sun gudu, gara ya ɗauko gwani. Nakan ce ya koya musu duka, su tafi da ilimin, ko ba komai abin yana raye a wani wuri. In na bi ta wurin karofinmu, gyaɗa nake gani an shuka. Har yanzu ina jin kunyar gudun da na yi ranar nan.