Iya Ba Ta da Takwara

A gidanmu na Maradi, da an idar da sallar magariba, Iya takan hura wuta a bakin ɗakinta ta ɗora kaskon suyar gyaɗa. Iya ita ce ta haifi babanmu. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni: ta zuba rairayi a kasko, in ya ɗau zafi ta juye gyaɗa, ta yi ta motsawa da tsohon ludayi har ƙamshi ya cika gida. Mu jikoki muna kewaye da ita, wai taya ta aiki muke yi, alhali kowa fakon idonta yake ya jefa biyu a baki. Tana ganinmu sarai. Iyakarta ta ce, "Wanda ya ƙone halshe kar shi kawo mini kuka."

Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan dariya. Tana da wasu halaye da babu su a wajen sauran tsofaffin unguwa. Ko tsumman goge kasko sai ta ninke shi kusurwa huɗu. Ta iya guga da dutsen gawayi har wuyan rigar babanmu ya tsaya ƙyam. In ka kai ta bango kuwa, da Faransanci za ta zage ka tas, ita da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba. Jika yana da damar tsokanar kakarsa har ya kama sunanta, amma Iya ba ta ba da fuskar wannan wasa ba, mu ma ba mu nema ba.

Tatsuniya kam akwai ta a bakinta, ta kura, ta zomo, ta maƙaryacin mafarauci. Ba ta buɗewa yadda kowa ke buɗewa. Cewa take yi, "Ku matso, ga wata nan ta hito daga toka." Mu kuma mu amsa, "Ta zo da zafinta." Akwai guda ɗaya da ba ma roƙonta, ita ce ke kawo ta don kanta, galibi in sanyi ya shigo kuma ciniki ya yi baya.

Wai an yi wata shekara da sama ta ƙi zubowa, fara kuma ta lashe ɗan abin da ya tsiro. Mutane suka bar ƙauyukansu suna bin hanya. A kan wani tudu akwai wata mata fara sol, mai gida mai tagogi da yawa, rumbunta ba ya ƙarewa. Duk uwar da ƙarfinta ya ƙare sai ta kai ɗiyarta ƙofar gidan, ta ce za ta dawo in an yi girbi. Matar tudu ba ta korar kowa. Za ta sa a yi wa yarinya wanka, a ba ta riga, a ba ta shinkafa har ta ture. Sai dai a bakin ƙofa akwai wani tulu mai murfi. Kowace yarinya sai ta sunkuya ta faɗi sunanta a cikin tulun, a mayar da murfi a rufe. Sannan matar ta ba ta wani suna daga nata, kuma sunayen nan duk wutsiyarsu iri ɗaya ce.

A nan Iya takan tsayar da ludayi, ta sirantar da murya, ta jero su ta hanci: "Lizet. Folet. Odet. Ibet. Suzet. Fiyaret."

Mu kuwa me za mu yi in ba dariya ba. Sai mu kama et, et, muna nuna juna. Wata rana yayana ya raɗa wa akuyar gidanmu Lizet, yana kiranta yana kaɗa mata dusa. Iya ta tashi ta zabga masa ludayin nan mai zafi a gadon baya. Shi ne duka ɗaya da na taɓa ganin ta yi wa jika, kuma har ya warke ba ta ce masa sannu ba.

To, damina ta zo ta yi kyau, aka yi girbi, iyaye suka dawo. Ba a barinsu su shiga, sai suka tsaya bayan katanga kowace tana ƙwala wa ɗiyarta kira. Manyan 'yan matan ba su manta ba, suka ji, suka amsa, suka fita. Ƙaramar cikinsu, Lizet, an kawo ta ne bakinta bai gama buɗewa ba. Tana tsugune tana wanke kwanoni, tana jin ana kiran Ladi, ana kiran Tani, ana kiran Hassana, ba ta san wanne ne nata ba. Tsoro take ji kar ta amsa na wata a yi mata dariya. Haka muryoyin suka yi ta raguwa, har ta ƙarshe ta gaji ta tafi.

"To sai me, Iya?"

"Sai ta ci gaba da wanke-wanke."

"Ba ta fasa tulun ba?"

"Ta hwasa, bayan matar tudu ta koma garinsu. Ba komi ciki." Sai ta sauke kasko ta ce, "Na aje ta nan bakin murhu, mai so shi ɗauka."

Haushin ƙarshen nan muke ji. Wace irin tatsuniya ce ba a kashe mugu, ba a ba marainiya sarauta? Innarmu ce ma ta samo mata amfani. Duk ranar da ta kira ɗayanmu aike ya yi kunnen ƙashi, sai ta ce, "Ka ji dai abin da ya samu wadda ba ta amsa kira ba." Da wannan fassarar na girma.

Iya ta rasu ina makarantar sakandare, babanmu ya bi ta ba da jimawa ba. Ni kuma aure ya kai ni hannun wani Bakano mai sayen jakunkunan mata, ya kawo ni Guangzhou. Muna haya a wani bene a unguwar Dengfeng, ƙasanmu shagon waya, gefenmu gidan abincin Hajiya Asabe, wata 'yar Kano da ta zame mana uwa mu matan da ke nan. Da yake na iya Faransanci, ni ke bin maigidana Shiling, garin masu ɗinkin jaka, in za mu zaɓi kayan da za a tura Yamai.

Ina da tsohon ciki muka shiga wata masana'anta a can. Lawban ɗin wurin, wato mai masana'antar, ya gano cewa matan ƙasarmu suna son abu mai ƙamshin Faransa, sai ya sa wa kowane samfurin jaka sunan mace a ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya. Ina bin layi ina shafawa, sai ga Odette, ga Yvette, ga Suzette, ga Lisette can ƙarshe, wata 'yar ƙarama mai ruwan toka. Na tambaye shi ko akwai babbarta. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu.

A mota muna komowa na yi ta binciken sunayen a waya, don kawai in rage hanya. Ashe kowanne da asalinsa. Odette daga tsohon harshen Jamusawa yake, ma'anarsa dukiya. Yvette sunan wani itace ne da ake sassaƙa baka da shi. Suzette fure ne, daga Ibrananci. Paulette daga Latin, ƙarama. Pierrette kuwa dutse. Lisette gutsuren Elisabeth ne, shi ma daga Ibrananci, wai Allah ne abin rantsuwata. Wutsiyar nan da muke yi wa dariya, ita ke mayar da suna na lele, kamar mu ce 'yar kaza. Na ce a raina sunaye masu kyau, an yi su ne don 'ya'yan da ake so. Na yi mamakin inda Iya ta tsinto su, na bar shi a kan ko a rediyo ta ji.

Na haihu lafiya, mace. Hajiya Asabe ta karɓi wankan jego, tana dafa ruwa a tukunyar lantarki tana mitar rashin ganyen darbejiya. Kwana biyu da haihuwa maigidana ya ce, "Kin cika min kunne da labarin kakar nan taki. A mayar da sunanta mana." Daɗi ya kama ni har na yi hawaye. Na buɗe baki in faɗa masa sunan, sai na tarar babu komai a bakin. Iya dai. Iya mai gyaɗa.

Na kira innarmu. Ta ce, "Ni suruka, ina ni ina sunan uwar miji? Nemi Gwaggonki Delu." Gwaggo Delu ita ce babbar 'yar Iya, ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yanta. Na same ta a waya na yi mata tambayar.

"Balki, ai ta gaya muku," ta ce. "Sau nawa tana gaya muku bakin murhu."

Sai ta warware mini. Shekarar yunwa aka ajiye Iya a bariki, gidan matar wani kumandan Bature. Madam ta ce ba za ta wahalar da harshenta da sunayenmu ba, duk yarinyar da ta shigo sai ta ba ta na ƙasarsu. Iya ce Lizet. Ba a san wadda ta kawo Iya ba, ba a san ko ta dawo ba. A gidan ta girma, nan ta koyi guga da zagi.

"To da wane suna aka ɗaura mata aure, Gwaggo?"

"Liman ya tambaya, aka yi tsit. Sai wani daga baya ya ce a sa Hauwa, ai duk mace Hauwa ce. Ba ta taɓa waiwayowa ba in an kira shi. Wancan na Madam kuwa, in ta ji shi, jikinta shi ka amsawa kahin ta hana shi."

Na ce, "Babu wanda ya san na gaskiyar? Ko mutum ɗaya?"

Ta ce akwai. Wata Hajiya Tani ta Sabon Garin Maradi, ita ce Odet. Daga ƙauye ɗaya aka kawo su, ta girmi Iya nesa, ba yadda za a yi a ce ba ta sani ba. Auta take kiran Iya, don ta ɗauke ta kamar ɗiya. Iya kuma nauyi take ji, da furfurarta da jikokinta, ta je ta ce wa mutum gaya mini sunana. Ita Gwaggo ake aikawa da gyaɗa gidan kowace Juma'a, har bayan ta yi aure ta haihu. "Nakan zamna gabanta, maganar tana nan bakina. Amma wa ka tambayar sunan uwa tai, ɗiyata? Kunya ta hana ni, har Hajiya Tani ta rasu."

Ban zagi Gwaggo ba, tsohuwa ce, amma na so in yi. Madam ta yi nata ta tafi, wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan yana nan cikin gari ɗaya da mu shekara da shekaru, tafiyar ƙafa, kuma ladabi ne ya bar shi ya shiga kabari. Mu ma jikoki ga mu nan da bakin surutu, ba a samu ɗaya da ya ce, Iya, ke ce? Na daina yarda cewa darasi take koya mana. Jira take wani ya tambaye ta.

Ranar suna maza suka taru a gidan abincin Hajiya Asabe da rana, lokacin gari ya waye a Kano. A can za a yanka ragon, ƙanen maigidana yana kan waya da mahauci a gefensa, suna jiran suna. Maigidana ya hawo sama ya same ni.

"Hauwa'u ai suna ne mai albarka," ya ce. "A sa shi kawai, mutane na jira."

"Haka aka ce ranar aurenta ma, mutane na jira. Ba zan ɗora wa 'yata sunan da wani ya jefo don a samu a raba goro ba. Na Madam kuma ko a mafarki."

Ya ce to in zaɓa. Na ce Safiya, sunan da babu mai shi a danginmu ko nasu. Aka yanka rago. Duk tsofaffin unguwarmu an mayar da sunayensu, wata har sau uku. Iya da ta haifi shida ba ta samu ko ɗaya ba, kuma ba za ta samu ba.

Safiya 'yar fari ce, a al'ada bai kamata bakina ya kama sunanta ba. Ni kuwa kamawa nake, da ƙarfi ma, a ɗaki da kan titi. Hajiya Asabe ta ja ni gefe ta ce, "Balki, ki ji kunya mana, 'yar fari ce fa. Matan nan suna magana."

Na ce, "Hajiya, kunyar nan ta ci mana mutum guda a gida. Ba zan ba ta ta biyu ba."

Yanzu Safiya ta fara tafiya. Matar shagon wayar da ke ƙasanmu tana sonta ƙwarai, kullum da alewa a hannu. Ta ce Safiya ya yi mata tsawo, Feifei take kiranta. Jiya muna wucewa ta kira, na ga yarinyar ta waiwaya da sauri tana miƙa hannu. Na yi wa matar shiyeshiye, wato godiya da yarensu, don ba ta san ta yi komai ba. Na saɓi 'yata na hau bene da ita, ina faɗa mata sunanta a kunne a kowace matakala.