Fankokin da Suka Haɗa Baki

Tun yana saurayi ake kiransa Injiniya, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Shi ke gyaran injuna a masaƙa, kuma an ce da kunne yake gane ciwon inji tun daga bakin ƙofa. Ranar da aka rufe masaƙar ya dawo gida, ya shige ɗaki ya saki labule, kamar shi ma an sa masa kwaɗo.

Zaman banza ya koya masa zargi. In matarsa ta rage murya a waya, to da shi ake. In maƙwabta sun yi dariya a bakin titi, shi suke yi wa. Abinci sai ya jujjuya shi da cokali kafin ya kai baki, barci kuwa ya ƙaurace masa. Babbar 'yarsa, malamar firamare, kullum sai ta biyo ta zauna a bakin gado, ta yi surutunta ta gaji, ta tashi ba ta samu ko tari ba.

Wata safiya matar tela ta yi sallama da fanka a hannu, wai ta daina juyawa. Ya yi mata kallon sama da ƙasa, ya ce shi ba shago ya buɗe ba. Ta ajiye ta yi tafiyarta. Ya wuni yana hararar fankar, har dai hannu ya fi ƙarfin zuciya, ya janyo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ashe waya ce kawai ta tsinke a ciki. Da fankar ta tashi ya ji wani daɗi da ya manta da irinsa, ranar har ƙarin abinci ya nema.

Daga nan kaya suka yi ta zuwa: dutsen guga daga gidan direba, rediyon mai aski, wata fankar, da wata kuma. Ya fito da tebur baranda, har ya fara amsa gaisuwa. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ya soma tambayar kansa wace irin annoba ce ta faɗa wa fankokin layi guda, kuma duk ciwonsu ɗaya. Ya sa tabarau ya duba bakin wayar da kyau. Cin ɓera yana da kaushi, ƙuna tana barin baƙi, wannan kuwa sumul yake, yankan almakashi ne.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Wato an mai da shi yaron da ake miƙa wa abin wasa don ya yi shiru. Ya tsare matar tela da tambaya, ta hau kame-kame, daga ƙarshe ta ce ya tambayi 'yarsa. Ya kwashe teburinsa ya koma ɗaki. Sai dai wannan karon ɗakin ya yi masa ƙunci, yatsunsa sai motsi suke a kan gwiwa suna neman filaya.

Da 'yar ta zo da yamma, ya ajiye guntun wayar a gabanta. Ba ta musa ba. Ta ce ita ce ta bi gida-gida tana roƙon a bar ta ta yanke.

"Baba, gara in lalata fankar kowa a layin nan da in ci gaba da zama gabanka kana kallon bango."

Ya daɗe yana murza wayar. Fushin na nan bai tafi ba, kunya ma haka. Amma ya ga idonta ya kawo ruwa, kuma ya san in ya biye wa zuciya, ɗakin nan ne zai cinye shi.

"Aikinki ba kyau," in ji shi. "Duk wuri ɗaya kike yankewa, ko makaho ya gane. Gobe ki je wajen 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa ki samo min fankar da ta mutu da gaske, wadda kowa ya fid da rai da ita."